Ta Sama Muka Bi

Tun da muka dawo daga Lami kun hana ni sakat. In na zauna a rumfar Ɗanjuma mai gyaran keke, tambaya. In na fito daga masallaci, tambaya. Ranar kasuwar Ajingi kuwa ko awon gyaɗa ba na yi cikin natsuwa. "Garba, yaya cikin jirgin yake? Da gaske ne kafin mutum ya cinye goro ɗaya an kai Barno?" Ni kuwa sai in ce, "Sai wanda ya gani," in kama wani zance. Har Ɗanjuma ya fara yawo da ni wai na shiga jirgi na sauko da girman kai. To yau ga labarin tun daga tushe, amma kada wanda ya katse ni.

Bari in fara da abin da ni kaina ban sani ba sai da aikin gama ya gama. Tun kafin a haife ni, Baba ya tashi daga Kademi a ƙafa da niyyar Makka, shi da Inna da ƙanensa Baffa Idi. Inna tana goye da ɗanta na fari. Gaba da Fataskum, kafin a kai Damaturu, ƙyanda ta kama yaron a wani ɗan ƙauye, Allah ya karɓi abinsa, suka binne shi a gindin wata tsamiya kusa da rijiya. Inna ta kasa ci gaba, Baba ya juyo da ita, suka zo suka zauna nan Ajingi inda ba wanda ya san su da goyo. Baffa Idi ya wuce shi kaɗai, guzuri ya ƙare masa a Lami ta ƙasar Cadi, ya yi aure ya zauna. Kun san gidanmu da jinin Fulani. Ɗan fari ko yana raye iyaye ba sa kama sunansa, balle ya rasu. Shekaru kusan arba'in ba wanda ya taɓa furta maganar a gabana. Ashe duk tsawon nan abu ɗaya ne a ran Baba: ya sake tsayawa a gindin tsamiyar nan ya yi addu'a kafin ya mutu.

Da wani falke mai shanu ya kawo saƙon baki cewa idon Baffa Idi yana rufewa, yana son ganin wansa, sai Baba ya kira ni zaure ya ce in shirya in raka shi. Na tafi Kano na gaya wa maigidana da nake saya wa gyaɗa. Mutumin kirki, nan take ya ce tsoho kamar Baba ba zai jure bayan motar katako ba, zai samo mana wuri a jirgin sama da ke zuwa Yerwa ta Barno, zuwa da dawowa. Wayyo, ku ga yadda na dawo gida ina taku! Na durƙusa na gaya wa Baba, ina jiran sa albarka.

Sai ya ce, "Garba, mu bi ta ƙasa."

Na ce, "Baba, ba ka ji abin da ake ciki ba? Bana aka juya hannun tuƙi, direbobi duk sun rikice, kullum sai an ji mota ta yi gaba da gaba da 'yar'uwarta. Ga kwana a hanya, ga ƙafarka."

Ya ce, "Ƙasa ta fi."

Ni a zatona tsoro ne. Na yi ta lallashi, har na kira liman ya taya ni, ya yi masa bayanin cewa alhazai ma yanzu ta sama suke bi. Baba ya dubi liman, ya dube ni, ya ce, "To." Shi kunya ta hana shi faɗin dalili, ni kuma ladabi ya hana ni tambaya. Yanzu da nake tunawa, da na ce masa, "Baba, me ke ƙasan?" ko da bai amsa ba, shirunsa ya isa ya gaya mini.

Ranar tafiya Inna ta ɗaure mana guzuri kamar masu komawa Makka a ƙafa: dakuwa, ƙuliƙuli, garin kuka, da ƙunshin daddawa na tsaraba. Ita ba wanda ya gaya mata maganar jirgi, don na ce a bari sai mun dawo kada hankalinta ya tashi. Ta rako mu bakin zaure, ta kau da kai tana gyara lulluɓi, ta ce wa Baba, "In an biya ta wajen tsamiya, a gai da mutanen gari." Baba ya ɗauki sandarsa ya yi gaba. Ni kuwa na yi dariya na ce, "Inna, tsamiyoyi nawa ne tsakanin nan da Lami?"

Motar da ta ɗauke mu zuwa Gaya, buhunan gero ne a ƙasa, mu a sama, da wani bunsuru da ya ɗauki rawanin Baba abinci. A Gaya muka sake mota. Kafin gadar Wudil direbanmu ya manta da sabon hannu, ya koma hagu yana waƙarsa, sai ga wata ta taho. Allah ya tsare, muka faɗa gonar wani, ba wanda ya ji ciwo sai tulun wata mata. Ina karkaɗe riga na ce, "Baba, ka gani ko?" Ina jin daɗi wai hujjata ta fito fili.

Muka kwana a Fagge a gidan maigida. Da safe aka kai mu filin jirgi. Abu na farko da ya ba ni dariya, sikeli. Ni da nake auna gyaɗar mutane, yau ga kayana a kan sikeli wani yana harara ta. Aka ce sandar Baba ba za ta shiga tare da shi ba, sai da na yi rantsuwa cewa ƙafarsa ce ta uku. Butarsa kuwa aka sa ya zubar da ruwan, ya zubar yana girgiza kai, ya ce bai taɓa jin matafiyin da ake raba shi da ruwa tun daga ƙofar gida ba.

Jirgin mai farfela biyu ne, cikinsa kamar dogon soro, kujeru biyu nan biyu can. Na sa Baba wajen taga. Wata ma'aikaciyar jirgi, Bayerabiya ce amma Hausa a bakinta tar, ta zo ta ɗaure mana ɗamara, ta miƙo alewa da auduga. Na jefa alewa a baki, na riƙe auduga ina juyawa, sai na kusa da mu a ɗaya gefen ya ce ta kunne ce. Malamin dabbobi ne mai komawa bakin aikinsa a Barno, mutum mai son magana, ya hau jirgin nan har ya gaji.

Ɗanjuma, ga amsar tambayarka. Da jirgin ya tsaya yana kuka, sannan ya zabura, sai na ƙanƙame kujera. Na karanto duk abin da na sani, har da wanda ban sani ba. Baba kuwa, wanda nake cewa matsoraci, ko gezau. Goshinsa na jingine da gilashi yana kallon ƙasa. Kano ta zama kamar an shanya gero a tabarma, daga nan sai ja da fari da ɗigon baƙi.

Malamin dabbobi ya ce, "Daga nan zuwa Yerwa ta sama mil ɗari uku ne da ɗoriya. Awa ɗaya da 'yan mintoci mun sauka. Jirgi ba ruwansa da kwana-kwanar hanya, miƙewa yake."

Baba ya juyo ya ce, "Ba ya bin hanya?"

"Wace hanya, Baba? Sama ai duk hanya ce."

Aka kawo shayi da biskit, Baba ya ce ya ƙoshi. Can ya tambayi malamin, "Mun kai Azare?"

Ya duba agogo ya ce, "Azare? Ai tuni."

Na ga Baba ya gyara zama, ya ciro carbi. Ni ina ta fama da kunnena da ya toshe. Bayan ɗan lokaci ya sake cewa, "Malam, in mun kai Fataskum ka faɗa mini."

Malamin ya kwashe da dariya. "Baba, Fataskum tana bayanmu. Ina jin ma Damaturu muke wucewa yanzu. Ka ga aikin Bature ko?"

Na taya shi dariya, Allah ya gani, na taya shi. Baba ya waiwaya ta tagar nan iya yadda wuyansa ya ba shi, ba abin da ake gani a baya sai fiffike. Ya mayar da carbin aljihu. Da muka sauka a Yerwa, ina taimaka masa a matakala, na ce, "Baba, ka ga ko azahar ba ta yi ba." Ya ce, "Mu wancan karon fiye da wata muka yi, kuma ba mu kai nan ba." Ban gane ba, na ɗauka yabon jirgi yake.

A Yerwa muka sauka unguwar Hausari, gidan wani fatoma mai saukar da baƙi, ɗan asalin Gaya. Barebari mutanen gaisuwa ne, mu da muke ganin mun iya, nan muka ga iyayen gidanmu. Sai mutum ya tsuguna yana tafa hannu a hankali yana "lale, lale, wushe," kai har ka rasa inda za ka tsoma taka. Gidajensu kuwa ƙamshin turaren wuta ko'ina, har rigata ta ɗauka. Aka kawo mana burabusko da miyar busasshen kifi, na ci har na ji kunya. Baba ya taɓa kaɗan ya wanke hannu, na ce gajiya ce.

Daga Yerwa sai mota, ta Dikwa zuwa Gamboru. Ƙasar wajen baƙa ce, duk ta tsattsage, suna ce mata firki. Direban ya ce mu yi addu'a mu dawo kafin ruwa ya sauka, don in ta sha ruwa ko jaki ba ya wucewa. A kan iyaka muka haye wata 'yar gada muka shiga Kamaru, nan muka gamu da jandarma, 'yan sandan ƙasar. Ba Hausa, ba Turancin da na tsinta a wajen awo, sai Faransanci kamar ana gasa gyaɗa. Ɗaya ya duba katin allurarmu, sannan ya sa hannu cikin kaya ya kwance ƙunshin daddawar Inna. Jama'a, sai ga mutum ya yi tsalle baya yana toshe hanci yana kiran abokansa. Sai da wata Bashuwa mai sayar da nono ta gutsira ta sa a baki a gabansu, sannan suka yarda abinci ne. Ya kore mu da hannu, ko sauran kayan bai duba ba.

A Kusuri muka shiga kwale-kwale muka haye kogi, sai ga mu a Lami. Garin yana da abin mamaki. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, mutum ya saƙala shi a hammata yana tafiya. Da rana ta take sai kowa ya rufe shago ya kwanta, sai ka ce an yi mutuwa. Shayi kuwa ba irin namu na kofi da madara ba, ja ne wur, a ɗan ƙaramin gilashi, zaƙi kamar zuma, kuma in ka sha ɗaya ka tashi ka yi rashin ladabi. Hausawan can Hausarsu ta tsufa, ta gauraya da Larabci, in sun ce "to" sai su ƙara da "tamam."

Muka iske Baffa Idi a rumfar ƙofar gidansa, ido ya yi fari. Baba ya yi sallama. Tsohon nan ya ɗaga kai ya ce, "Yaya?" Daga murya kawai ya gane wansa. Suka riƙe hannun juna, ni kuwa na juya baya ina share ido. Aka kawo ruwa, aka kawo shayi, aka yi ta lissafin waɗanda suka mutu. Can sai Baffa ya rage murya ya ce, "Yaya, kun biya ta wajen yaron?"

Baba ya miƙe ya ɗauki buta ya zaga bayan gida, alhali lokacin salla da saura.

Na ce, "Baffa, wane yaro?"

Ya juyo da fararen idanun nan wajena. "Ta ina kuka biyo?"

Na ce, "Ta jirgi, Baffa, har Yerwa," ina faɗa da alfahari.

Ya ce, "Inna lillahi." Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Kai Garba, ba ka taɓa tambayar kanka ba? Bafulatanin mutum kamar Yaya, yana kiran sunanka gatsal a gaban jama'a, uwarka ma haka. Wa ya taɓa yi wa ɗan fari haka?"

Wallahi tun ina yaro abokai suke tsokanata da wannan, ni kuwa na ɗauka iyayena wayewa suka yi. Nan Baffa ya ba ni labarin da na fara ba ku. Ya ce shi ya haƙa ramin da hannunsa, Baba ya sa yaron. Sai maganar Inna a bakin zaure ta dawo mini, da dariyar da na yi mata. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba.

Ban ce wa Baba na sani ba, ba a yin haka. Da muka yi kwanakinmu za mu taho, sai na ce, "Baba, jirgin nan ya wahalar da kunnena. In mun kai Yerwa mota za mu bi, mu riƙa tsayawa muna shan iska." Ya dube ni ya daɗe, ya gane na gane. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Garba." Albarkar da na nema a zaure ban samu ba, a Lami na same ta. Ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Amma ruwa ya riga mu. Tsakanin Gamboru da Dikwa hadari ya haɗo, aka kece, firkin nan ta zama danƙo, motarmu ta nutse har gindi. Muka wuni muna turi, ba rumfa ba bishiya, Baba ya jiƙe sharkaf duk da na lulluɓa masa rigata. Kafin mu kai Yerwa jikinsa ya yi zafi, tari yana tsaga masa ƙirji. Duk da haka na je tasha na kama mana gidan gaba a motar Kano, na yi magana da direba cewa gaba da Damaturu za mu sauka. Da safe Baba ya kasa tashi zaune. Fatoma ya taimaka muka kai shi asibiti, likita ya ce sanyi ya shiga haƙarƙari. Aka yi masa allurai na 'yan kwanaki, zazzaɓin ya sauka, ƙarfi bai dawo ba. Na gaya wa likita maganar mota. Ya ce, "In kana son ka kai gawa gida, sa shi a mota."

Na dawo na tsuguna a gaban gadon. Baba ya ce, "Ko a kwance ne, Garba." Na ce, "Baba, in kaka ta yi, ka warware, ni da kai za mu dawo takanas ta mota." Ya rufe ido. Ku da kuke zaune nan, ku gaya mini, wanne za ku zaɓa? Ni dai na zaɓi ransa, na kai shi filin jirgi.

Muka tarar da ma'aikaciyar nan ta ranar zuwa. Na ja ta gefe na roƙe ta don Allah ta tambayi matuƙin, in mun zo tsakanin Damaturu da Fataskum ta faɗa mana. Ta ce, "Garinku ne?" Na ce, "Ɗan'uwana ne a can." Shi ne karo na farko da na faɗi haka da bakina.

Ba mu daɗe da tashi ba ta taho da sauri ta ce, "Yanzu, yanzu ne." Na tallafo Baba zuwa taga. Ba ƙasa, ba hanya, ba gari. Girgije ne fari fat ya shimfiɗu ko'ina kamar an baza auduga a kasuwa. Baba ya ce, "Ta wane gefen?" Ta ce ba ta sani ba, Baba, ka yi haƙuri. Ya ɗaga hannuwansa ya fara addu'a. Bai kai ga shafawa ba na ji ta ce a hankali, "Ina jin mun wuce." Ya ƙarasa abinsa, ya shafa, ya jingina.

Da muka iso Ajingi kun tuna yadda kuka cika zaurenmu. Kai Ɗanjuma kai ka fi kowa ɗaga murya: "Awa ɗaya! Barno a awa ɗaya!" Da kuka watse muka shiga ciki. Inna ta kawo ruwa a ƙwarya, ta durƙusa ta ajiye a gaban Baba, idonta a ƙasa. Ta ce, "An biya?"

Baba ya ce, "Ta sama muka bi."

Ta ce, "To. Sannunku da hanya." Ta tashi ta koma madafa, ta daɗe tana hura wutar da ke ci.

Sauran kun sani, da ku aka kai shi makwancinsa. Kaka ba ta same shi ba. Kafin ya rasu na tambaye shi kwatance, ya ce tsamiya ce babba, da rijiya a gabas da ita, sunan ƙauyen ya ɓace masa, amma da ya taka hanyar ƙafarsa za ta gane. Ƙafar kuwa ga ta can a maƙabarta.

Bayan Inna ta fita takaba, wata rana ina gyara mata danga, tana tsince wake a bayana. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Garba, daga saman nan, ana hango itatuwa?"

Na ce, "Ana hangowa, Inna."

"Har tsamiya?"

Na ce, "Har tsamiya. Baba ya gan ta, ya yi addu'a."

Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta ci gaba da tsintar wakenta.

To kun ji yadda cikin jirgi yake. Kun matsa sai na faɗa, na faɗa. Amma duk wanda ya kai wa Inna maganar girgijen nan, ko shi ko matarsa, ban yafe ba.